Zafin Saudiyya da ƙuncin rai: ina hanyoyin gida suke aiki, ina suke tsayawa?

Duk ranar 15 ga Yuni dokar hana aiki a cikin rana take fara aiki a Saudiyya. Daga ƙarfe 12 na rana zuwa 3 na yamma, kamfani mai zaman kansa ba shi da izinin tsayar da ma'aikaci a filin Allah, kuma haka za a tafi har 15 ga Satumba. Domin kare jiki aka yi dokar. Wanda ya ga Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomi kuma suka sanar da rasuwar alhazai sama da 1,300, ba sai an yi masa bayanin dalilinta ba.

Akwai kuma wani abin da watannin nan suke zuwa da shi wanda doka ba ta taɓo ba. Daga Shara Mansur a Makka zuwa unguwannin Hausawa na Jidda da Madina, ƙorafin iri ɗaya ne: barci ya ƙi zuwa, gaba na faɗuwa ba dalili, abinci ya fita a rai, ƙaramar magana ta zama faɗa. A daidai lokacin ne saƙonni suke yawaita a WhatsApp da TikTok. Wannan yana tallar garin magani da ya ce yana yanke damuwa cikin kwana 3, wancan ya ce ƙuncin yanayi, wato ƙuncin ran da ke zuwa da wani lokaci na shekara, ciwon Turawa ne da ƙanƙara ke kawo musu, wani kuma ya ce raunin tawakkali ne kawai. Mai fama da abin sai ya rasa ta wa zai ɗauka.

## Kalma ɗaya, matsala uku

Bahaushe yakan tara komai a cikin kalmar damuwa, ko ya ce tunani ya yi wa wane yawa. Likitoci suna rarrabewa, kuma rarrabewar ce take nuna abin da zai yi amfani.

Na farko shi ne matsin da ke da sanannen dalili: kuɗin haya ya zo, igama, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, an bugo daga gida cewa mahaifiya tana asibiti. Jiki yana amsa wannan ta hanyar sakin sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, barci ya yi sauƙin yankewa. Idan dalilin ya kau, jiki yakan koma daidai. Illar tana zuwa ne idan matsin ya ɗauki watanni babu sassauci.

Na biyu fargaba ce, wato tsoron abin da bai faru ba. Kowa yana yin ta. Takan zama cuta idan ta zauna wa mutum yawancin kwanaki har kimanin wata 6, ya kasa tsayar da tunanin, ta hana shi aiki ko barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da cututtukan fargaba iri-iri.

Na uku shi ne tsananin damuwa, inda rai yake ƙuntata, abin da mutum yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, kusan kullum har mako 2 ko fiye. Idan wannan yana zuwa a wani yanayi na shekara, ya tafi idan yanayin ya wuce, ya kuma maimaita haka aƙalla shekara 2 a jere, shi ake kira ƙuncin yanayi.

Rabon bai samo asali daga Turai kaɗai ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da aka san musabbabinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake saukar wa mutum haka kawai, ya kuma ce na biyun daga jiki yake, yana buƙatar magani irin na jiki.

## Ƙasar da hunturunta ba shi ne matsalar ba

Masu cewa ƙuncin yanayi ciwon ƙasashen sanyi ne suna da gaskiya ta wani ɓangare. Likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a Amurka a 1984, kuma mutanen da suka duba hunturu ne yake kwantar da su. A Landan wunin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni kuwa ya haura awa 16. A Makka tazarar da ke tsakanin wuni mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai awa 3 ba. Don haka ƙarancin rana a sararin sama ba matsalar Hijaz, yankin Makka da Madina da Jidda, ba ce.

Sai dai likitoci sun san wani nau'in da yake zuwa da zafi, alamominsa kuma kishiyar na hunturu ne. Mai na hunturu barci yake yi da yawa, ya ci da yawa, jiki ya yi nauyi. Mai na bazara barcin ne yake ƙaurace masa, cin abinci ya ragu, ya rame, ya zama mai saurin hasala.

Abin da ya fi wannan yawa a Saudiyya shi ne yadda zafi yake juya wa mutane rayuwa. Ɗauki misalin matar aure a ɗaki ɗaya a Jidda cikin watan Yuli. Taga a rufe, labule mai kauri a sake, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana kurnani dare da rana. Yara suna hutun makaranta, ba inda za su fita. Kasuwa da ziyara sai bayan isha'i, abincin dare ƙarfe 1, hira da 'yan gida ta waya har kiran asuba. Ta yi sallah ta kwanta, sai azahar. Tana iya yin mako guda hasken rana bai taɓa idonta ba, a ƙasar da rana ta fi komai yawa. Idan ta ce wa maƙwabciyarta, "Yaya, ni kam gabana faɗuwa yake yi kullum," amsar da take samu ita ce, "Ki rage tunani, Hajiya, ki yawaita istigfari."

Jikin ɗan Adam yana da agogonsa, kuma hasken da yake shiga ido da safe ne yake saita shi. Duhu yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin mai kawo barci, haske kuma ya tsayar da shi. Wanda ya wuni a ɗaki mai duhu-duhu, ya kwana yana kallon hasken waya, ya ba agogon nan umarni a juye. A taƙaice, mutum ya ƙirƙiro wa kansa hunturun Turai a tsakiyar zafin Jidda.

## Abin da yake ƙarƙashin tunanin

Kafin a zo kan magani, dole a faɗi cewa damuwar Hausawa da yawa a ƙasar nan tana da suna da adadi. Tun Yulin 2017 aka ɗora wa baƙin ma'aikata haraji a kan kowane mutum da suke riƙe da shi a igamarsu. An fara da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 duk wata kafin haya da cefane. Magidanta da dama sun mayar da iyali gida, suka koma zaman gwauranci a ɗaki ɗaya da abokan aiki. Ga wanda takardunsa suka lalace yana kwana da fargabar kame, ga 'yar aikin da ba ta fita daga gidan da take aiki sai da izini, ga waɗanda aka haifa a Makka ba su san wata ƙasa ba amma ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Ga kuma 'yan uwa a Kano ko Damagaram da suke ganin duk wanda yake ƙasa mai tsarki a cikin daula yake, buƙatunsu ba sa yankewa.

Babu shayin da zai biya harajin nan. Abin da hanyoyin gida suke yi shi ne su rage wa jiki nauyin da yake ɗauka, mutum ya samu barci da natsuwar da zai fuskanci matsalar da su.

## Haske, barci da tafiya

Waɗannan ukun su ne suka fi ƙarfin hujja a wurin masu bincike, kuma ba a sayen ko ɗaya.

A ƙasashen sanyi ana amfani da wata fitila mai ƙarfin haske 10,000 a ma'aunin luks, mutum ya zauna gabanta kimanin minti 30 da safe. Ɗakin da aka kunna wa ƙwan lantarki bai wuce 'yan ɗaruruwa ba a wannan ma'auni, alhali sararin waje da safe yana kaiwa ƙarfin fitilar ko ya zarce. Mazaunin Makka ba ya buƙatar sayen ta. A watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 6, kuma awa ɗaya ta farko ita ce mafi sauƙin zafi a duk wunin. Zama a kan rufin gida ko a ƙofar gida na minti 20 zuwa 30 a wannan lokacin ya isa ya fara saita agogon jiki. Ba kallon ƙwayar rana ake nufi ba, kasancewa a waje ido a buɗe ne kawai.

Wahalar ita ce wanda ya saba kwanciya bayan asuba ba zai juya a dare ɗaya ba. Likitocin barci suna ba da shawarar a fara da tsayar da lokacin tashi, a riƙa matso da shi kaɗan-kaɗan, lokacin kwanciya zai biyo baya da kansa. Ƙailula tana taimakawa idan gajeriya ce, kamar minti 20 zuwa 30 bayan azahar. Wadda ta kai la'asar sakaliya cinye barcin dare take yi. Mai gadi ko direban da aikinsa na dare ne, nasa tsarin daban: ya duhunta ɗaki sosai idan ya dawo, ya riƙe lokaci ɗaya na barci ko ranar hutu.

Game da motsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma mutum yana iya magana. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2024, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 200, ya samu cewa tafiya da sassarfa da ɗaga nauyi suna rage alamomin tsananin damuwa a fili. A nan mazauna garuruwa masu tsarki suna da abin da wasu ba su da shi. Tsakanin Masallacin Annabi da na Ƙuba kimanin kilomita 3 ne, an kuma gyara hanyar masu tafiya a ƙasa. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) yakan je Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa. Ɗawafi tafiya ce. A Jidda ga bakin teku, ga manyan kantuna masu sanyi da dattawa suke zagayawa a ciki da safe.

Wani zai ce lebura da ya wuni yana ɗaukar bulo ai ya gama motsa jiki. Gajiyar aikin dole a cikin zafi ba ta yin abin da tafiyar son rai take yi. Shi abin da ya fi buƙata ruwa ne da barci. Ƙarancin ruwa a jiki kaɗai yana kawo ciwon kai, bugun zuciya da saurin fushi.

Idan fargaba ta taso nan take, numfashi a hankali yana kwantar da ita: a shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar a hankali ana ƙirga 6, na wasu mintuna. Tsawaita fitar da numfashi yana rage gudun zuciya.

## Goro, gahawa da gwangwani

Wani lokaci maganin yana cikin abin da za a rage. Goro da gahawa da shayi da lemon gwangwani mai ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin. Rabinsa yana nan a cikin jini bayan kimanin awa 5, don haka gahawar bayan isha'i tana aiki har tsakar dare. Yawansa yana kawo rawar hannu da bugun zuciya, alamomin da mai fargaba yake ɗauka ciwon zuciya ne ya kama shi, tsoron ya ƙaru. Ga lafiyayyen babba ana sanya iyaka a miligiram 400 a rana, kusan kofi 4 na baƙar gahawa, amma mai fargaba ƙasa da haka ma yana tayar masa. Tun 2017 Saudiyya ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan lemon ƙara kuzari, duk da haka direbobi da masu aikin dare ba su rabu da shi ba. Wanda ya saba, ya rage a hankali, domin yankewa farat ɗaya tana kawo ciwon kai na 'yan kwanaki.

## A shagon ganye

A shagunan attara, inda ake sayar da ganyayyaki da kayan ƙamshi, nan ra'ayi ya fi rabuwa. Masu sayarwa suna cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Masu harhaɗa magunguna suna cewa duk abin da yake da ƙarfin yin aiki a jiki yana da ƙarfin yin illa.

Za'afaran yana cikin waɗanda aka fi gwadawa. Ƙananan gwaje-gwaje, yawancinsu a Iran, sun nuna cewa miligiram 30 a rana yana rage damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, lokacin gwajin gajere ne, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Mai juna biyu ta nisanci yawansa. Babunaj, furen da ake shayi da shi, yana da 'yar hujja wajen sassauta fargaba. Na'ana'a da zoɓo ba su da sinadarin kafin, don haka maye gurbin shayin dare da su riba ce ko da ba su yi wani abu daban ba, sai dai mai shan maganin hawan jini ya san cewa zoɓo ma yana ɗan saukar da jini.

Talbina, kunun garin sha'ir da madara da zuma, tana da matsayi na musamman, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Lafazin ya ce wani sashe. Abinci ne mai sauƙin narkewa ga wanda cin abinci ya fita ransa, kuma a gidan rashi ake dama ta a ba mutane, wato tare da ita akwai zama da kulawa.

Biyu suna buƙatar taka-tsantsan. Ganyen da Larabawa suke kira ushbatul ƙiddis Yuhanna yana aiki a kan damuwa mai sauƙi, amma yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, maganin tsinka jini da maganin cutar ƙanjamau, kuma haɗa shi da maganin damuwa na asibiti yana da haɗari. Ashwaganda, saiwar Indiya da ake yawan tallarta a intanet, an samu rahotannin ta taɓa hantar wasu, har Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba adadi kuwa, ba wanda zai iya cewa ga abin da yake ciki.

Sai bitamin D. Ƙarancinsa ya yawaita a Saudiyya saboda gudun rana, kuma mai baƙar fata yana buƙatar rana fiye da mai farar fata kafin jikinsa ya samar da shi. Wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙaranci ya kamata ya sha, don ƙashinsa da tsokarsa. Amma wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2020, na mutum sama da 18,000, ya nuna cewa shan sa kullum bai hana kamuwa da tsananin damuwa ba. Yawan shan manyan ƙwayoyinsa ba da gwaji ba yana iya taɓa ƙoda.

## Malam ko likita

Masu cewa maganin damuwa zikiri ne suna da madogara: "Ku saurara, da ambaton Allah zukata suke natsuwa," a Suratur Ra'ad, aya ta 28. Annabi (SAW) ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa. Sallar jam'i sau 5 tana tsara wa mutum wuninsa, tana fitar da shi daga ɗaki, tana haɗa shi da mutane, kuma likitocin ƙwaƙwalwa ba sa musun amfanin waɗannan.

Saɓanin yana kan mataki na gaba, wato cewa duk wanda damuwa ta kama imaninsa ne ya yi rauni. Malamai da yawa ba su yarda da wannan ba. Suna kafa hujja da Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, da shekarar da aka sa wa suna shekarar baƙin ciki bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, da kuma umarnin da ya zo a hadisi na neman magani. A aikace, illar waccan fassarar ita ce mai ciwo yakan yi shiru don kunya. Binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da Saudiyya ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 34 cikin 100 na 'yan ƙasar sun taɓa fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kuma mafi yawan masu matsala mai tsanani ba su nemi magani ba. 'Yan ƙasa ke nan masu asibiti kyauta. Baƙon da yake lissafin kuɗin ganin likita, yana kuma tsoron kafili, wato uban gidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya ji labari ya sallame shi, shirunsa ya fi nasu.

Zumunci ma magani ne da aka daɗe da sani. Cin tuwo tare ranar Juma'a, adashin mata, zaman 'yan gari ɗaya bayan magariba, duk suna rage kaɗaici. Kiran bidiyo da iyali yana da daɗi, amma ga wanda kowane kira yake zuwa da buƙatar kuɗi, tsayar masa da lokaci, ba dab da kwanciya ba, yana kare barci.

## Inda hanyoyin gida suke tsayawa

Duk abin da aka ambata na damuwa mai sauƙi zuwa matsakaiciya ne, kuma yana ɗaukar makonni kafin a ga canji. Idan ƙuncin ya wuce mako 2 kullum, mutum ya daina fita aiki, ya daina wanka ko cin abinci, ko mai jego ta kasa kula da jaririnta tana kuka ba dalili, lokacin likita ya yi. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, wannan na gaggawa ne: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai cututtukan jiki da suke sanya rigar fargaba. Ƙullin wuya da ake kira tayirod, wanda kumburinsa ne maƙoƙo, idan yana aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya, gumi, rama da rashin barci. Ƙarancin jini yana kawo kasala da haki. Gwajin jini ne yake raba su, kuma ba ganyen da zai maye gurbinsa. Ciwon ƙirji da ya zo da gumi ko ya sauka a hannu, asibiti ake kai shi kafin a ce fargaba ce.

Wata hanyar da take jefa mutane cikin rami ita ce karɓar ƙwaya daga hannun aboki don a samu barci. Tiramadol da Lyrica da magungunan kwantar da hankali suna cikin waɗanda dokar Saudiyya ta tsaurara a kansu. Riƙe su ba da takardar likita ba yana kai mutum kurkuku, baƙo kuma a kore shi daga ƙasar, ga jarabar da suke sawa. Wanda likita ya riga ya ɗora a kan maganin damuwa kuma kada ya yanke shi don ya samu za'afaran, sai da shawarar likitan.

Ma'aikatar Lafiya tana da layin 937 da yake aiki dare da rana, ana ba da shawarar likita ta waya. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya nemi wanda ya amince da shi ya zauna kusa ya fassara masa, ya kuma rubuta sunan duk ganye da ƙwayar da yake sha kafin ya kira, domin likitan zai tambaya.